Yadda Mutanen Unguwa Za Su Ƙulla Hulɗa da Ofishin 'Yan Sandan Yankinsu

Yawancin mutane ba sa taka caji ofis sai ranar da aka kama ɗansu ko aka fasa musu shago, kuma a irin wannan rana rai a ɓace yake, ba mai natsuwar sauraron wani. Saboda haka lokacin da ya dace unguwa ta san DPO ɗinta, wato shugaban ofishin 'yan sandan yankin, shi ne lokacin da ake zaune lafiya. Doka ma ta buɗe wannan ƙofa, domin Dokar 'Yan Sandan Najeriya ta 2020 ta tanadi kwamitocin aikin tsaro tare da al'umma har zuwa matakin ofishin yanki, sannan ga kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wato PCRC, wanda aka kafa tun 1984.

A fara da zaɓen wakilai a zauren mai unguwa. Kada su wuce mutum goma, kuma kada su zama dattawa zalla. A sa liman, da ɗan kasuwa, da shugaban 'yan sintiri, da matasa, da mata aƙalla biyu, domin abin da mata ke ji a gidan biki da bakin famfo sau da yawa ba ya isa majalisar maza. Daga nan sai a rubuta wa DPO takarda ta hannun mai unguwa, da sanin dagaci, a nemi ranar zama.

A zaman farko ne ake yawan yin asarar dama. Idan mai magana ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ɓarayi sun dame mu," zai sami haƙuri da alkawari kawai, domin bai ba jami'in abin da zai yi aiki da shi ba. A zo da littafin da aka rubuta abin da ya faru, da rana, da lokaci, da wuri, ta yadda za a iya cewa an ƙwace waya sau huɗu cikin wata guda a lungun bayan makarantar firamare, duk tsakanin magariba da isha'i, lokacin da aka ɗauke wuta. Da irin wannan bayani DPO zai san inda zai tura motar sintiri da kuma ƙarfe nawa. Kafin a tashi a karɓi lambar wayar ofishin, a tsayar da ranar zama duk wata, a kuma rubuta abin da aka cim ma, saboda ana yawan sauya wa jami'ai wurin aiki, kuma wannan littafi ne zai gabatar da unguwa ga wanda ya gaje shi.

Sunayen 'yan daba ko masu sayar da ƙwaya ba na faɗa a bainar jama'a ba ne. Mutum ɗaya ko biyu su kai wa DPO a keɓe, domin ranar da asirin mai ba da labari ya tonu, daga ranar kowa zai ja bakinsa ya yi shiru. Su kuwa 'yan sintiri, a yi musu kashedi cewa duk wanda suka kama su miƙa shi ga hukuma nan take, ba duka, ba ɗauri. Idan unguwa ta ga dama ta taimaka da man mota, to ta yi a fili, a rubuce, kuma kada ya zo daidai da wata ƙara da ke gaban ofishin.

Ya kamata wakilai su san haƙƙin mutanensu, su kuma faɗe shi cikin ladabi ba tare da tsoro ba. Beli kyauta ne. Doka ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta kuma hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Idan jami'i ya saɓa, a rubuta sunansa da rana da shaidu, a fara kai wa DPO. In ba a ga gyara ba, a wuce wurin kwamandan shiyya ko kwamishinan jiha, ko sashen karɓar koke-koke da rundunar ta buɗe a 2015, kuma a riƙe kwafin kowace takarda da aka shigar.