Yadda ake gina labarin matasa mai rayuwa biyu

Labari mai rayuwa biyu shi ne wanda ke bin hanyoyi biyu da suka rabu daga wuri ɗaya, babi nan, babi can, har matasan ciki su mallaki hankalin kansu.

Fara da mararrabar. Ta kasance ƙarama, kuma a kai gare ta kafin ƙarshen babi na 2. Ga misali: Hassana da Usaina, 'yan shekara 14, sun gama ƙaramar sakandare a Funtuwa. Goggonsu da ba ta taɓa haihuwa ba ta zo daga Kano neman wadda za ta riƙe. Ranar Hassana na kwance da zazzaɓi, sai aka haɗa wa Usaina kayanta. Iyakar abin ke nan, babu hatsarin mota, babu boka.

Marubutan Turai da Amurka sukan raba mutum ɗaya gida biyu: da ya hau jirgin ga abin da zai faru, da bai hau ba ga wani. Mai karatunmu kuwa ya tashi da imani da ƙaddara, ya kuma san hadisin da ya ce faɗin "da na yi kaza" na buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Wani tun a shafin farko zai ajiye littafin. Tagwaye, ko 'ya'yan wa da ƙani, za su ba ka kwatancin da kake so ba tare da ka taɓa wannan wurin ba.

Kafin ka rubuta komai, ja layi uku a takarda: watanni, Hassana, Usaina. Cike shekara huɗu, daga 14 zuwa 18, ka sa azumi, Sallah, damina, WAEC da JAMB. Ka tuna azumi na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, wato a shekara huɗu ya gusa da wata ɗaya da rabi. Wanda bai yi jadawalin nan ba, sai ka ga ɗaya na shan ruwa cikin zafin bazara, 'yar'uwarta na rawar ɗari a daren guda.

Babi 24 sun isa, 12 ga kowacce, kowane kalma 1,500 zuwa 2,000. Idan a WhatsApp ko Wattpad kake sakin labarin kashi-kashi, sa suna da gari a saman kowane babi, domin kwana biyu kawai mai karatu ya manta wa yake bi. Muryoyin ma su bambanta: Usaina ta ba da labarinta da bakinta, Hassana a ba da nata. Idan aka rufe sunan ba a gane mai magana ba, da sauran aiki.

Babban abin da ke kashe irin wannan labari shi ne mai da rayuwa ɗaya horo, ɗaya lada. Ta birni ta lalace, ta gida ta shiryu, ko ta boko ta huta, ta aure ta wulaƙanta. Matasa na jin ƙanshin wa'azi tun daga nesa. Kowacce ta samu abin da ɗayar ta rasa. Usaina na da ɗakinta da kuɗin makaranta, amma ko nama za ta ɗauka a tukunya sai ta dubi fuskar Goggo. Hassana na tallar awara bayan la'asar, amma da dare cinyar Inna ce matashin kanta.

Girman kuma a aikace ake nuna shi. Wajen babi na 18, kowacce ta yanke shawarar da babu babban da ya yanke mata, ta kuma ɗauki abin da ya biyo baya. Kada ka haɗa su ido da ido fiye da sau uku, kuma a haɗuwar ƙarshe ka bar musu abin da suka kasa gaya wa juna.