Yadda za ka riƙe tsoron annoba ba tare da ya durƙusar da kai ba

Tsoro daidai gwargwado yana da amfani a lokacin annoba, domin shi ke sa mutum ya wanke hannu, ya sa takunkumi, ya kauce wa cunkoso. Yana zama illa ne idan ya ƙi sauka: jiki ya yi ta fitar da sinadaran da ke zaburar da shi lokacin tsoro, wato adiranalin da kotisol, dare da rana, barci ya ƙaurace, gaba ya riƙa faɗuwa babu dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta korona, wadda ta ayyana a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020, fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100. Duk da haka, mutum biyu kan ji tsoro iri ɗaya, ɗaya ya jure, ɗaya ya karaya. Bambancin yana ga yadda kowannensu ya saba tunkarar matsala.

Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. A hannun dama rubuta abin da ke hannunka: rigakafi, wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, tanadin magungunan da kake sha kullum, inda za ka kai ɗan gida idan ya kamu. A hagu rubuta abin da ya fi ƙarfinka, kamar yaushe annobar za ta ƙare ko adadin waɗanda suka mutu jiya. Masana halayyar ɗan'adam Lazarus da Folkman sun rarrabe hanyoyi biyu na tunkarar damuwa tun 1984: magance matsalar kanta, da lallashin zuciya. Na dama yana son aiki, ka sa wa kowane abu da ke ciki rana da lokaci. Na hagu kuwa haƙuri yake so, da ibada ko hira da wanda ka yarda da shi. Nan mutane da yawa ke yin kuskure, su kwana suna tufka da warwara a kan na hagu, na dama kuma yana nan ba a taɓa ba.

Akwai ɗabi'u biyu da ke cinye juriya. Ta farko gudun matsala: ƙin yin gwaji, musanta cewa cutar tana nan, ko fakewa da kayan maye. Sauƙin da take kawowa na ɗan lokaci ne, kuma ƙwaƙwalwa tana koyon cewa gudu ne mafita, sai tsoron ya dawo da ƙarfinsa. Ta biyu ita ce bibiyar labarai ba ƙaƙƙautawa. Ka taƙaita ta zuwa sau ɗaya ko biyu a yini, daga majiya mai tushe, kuma ban da lokacin kwanciya.

Idan fargaba ta taso, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, na tsawon minti biyu zuwa uku. Tsawaita fitar numfashin ne ke rage bugun zuciya, don haka kada ka yi gaggawa. Ka kuma kiyaye barcin awa bakwai zuwa tara da motsa jiki na minti 150 a mako, ko da a cikin ɗaki ne saboda kulle.

In ƙunci, rashin barci ko rashin cin abinci ya wuce mako biyu yana hana ka harkokinka, ka ga likita. Tunanin kashe kai kuwa ba a jira da shi, a nemi taimako a ranar.