Darasi na Bakwai: Shukar Cikin Gida da Lafiyar Iyali

A gidajenmu na Katsina, a tsakar gida ake girki, nan ake shan iska, nan kuma yara ke wasa. Don haka idan muka ce shukar cikin gida, muna nufin duk abin da aka dasa daga bayan zaure zuwa bakin ɗaki, ko a ƙasa ko a cikin mazubi. Ba sai mai kuɗi ba. Randar da ta tsage, jarkar da ta huje, bokitin fenti, buhun siminti, duk suna ɗaukar shuka.

A fara da wadda za a ci

Furen ado yana da kyau, yana sanyaya rai. Amma mai ɗan wuri kaɗan, wanda kuma yake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, ya fara da abin da zai shiga tukunyar miya.

Zogale ne kan gaba. Ganyensa na ɗauke da sinadarin ayon mai taimaka wa jini, da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, da bitamin A mai kula da ido. Ana shuka ƙwayarsa, takan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ana kuma saro reshe mai kauri a kafa shi. Ya fi son ƙasa a kan tukunya, domin saiwarsa na nutsawa. Idan ya kai ƙirjin mutum, a datse kansa. Mata da yawa na jin tausayin yin haka, sai ya miƙe ya wuce katanga, ganyen ya koma inda hannu ba ya kaiwa. Datsewar ce ke sa shi yin rassa. In za a shanya ganyen, a shanya a inuwa, rana na rage masa amfani. In kuma an yi kwaɗo da ƙuliƙuli, a matsa lemun tsami, yana taimaka wa jiki ya ɗauki ayon ɗin. Ganye ake ci. Mai juna biyu ta nisanci saiwa da ɓawo.

Sai na'ana'a da ɗoɗɗoya. Ita na'ana'a, a tsinko reshe a sa a kofin ruwa, kwana kaɗan za a ga farar saiwa ta fito. A ba ta mazubinta ita kaɗai, domin tana mamaye wuri, a kuma ajiye ta inda ranar azahar ba ta dukanta. Ɗoɗɗoya tana son rana, ganye kaɗan ya ishi farfesu. Alayyafo da yakuwa ma suna yi a buhu.

Alobera da ƙuna

Alobera tana jure ƙishi, yawan ruwa ne ma ke ruɓar da ita. Idan aka yanka ganyenta, ruwa mai launin rawaya ne ke fara fitowa. A tsayar da ganyen ya tsane, domin wannan ruwan na sa gudawa, kuma bai dace da mai ciki ba. Farin tsokan ciki mai yauƙi shi ake shafawa.

Wanda ya ƙone ya fara sa wurin cikin ruwan sanyi mai tsabta, kamar minti 20. Bayan nan, in ƙunar 'yar ƙarama ce, fata ba ta buɗe ba, ana iya shafa alobera. Ƙuna mai faɗi, ko wadda ta sami fuska, ko ta jariri, asibiti za a nufa kai tsaye.

Maganar tace iska

Wata ɗaliba ta ce, “Malama, na ji a waya an ce shuka na tsotse dattin iskar ɗaki.” Maganar tana da asali. A 1989, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada wasu tsirrai a cikin akwatuna rufaffu, ta ga suna rage wasu gurɓatattun sinadarai. Amma ɗakin kwana ba rufaffen akwati ba ne. A 2019, masana a Jami'ar Drexel ta Amurka suka sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje. Suka ce sai an tara shuka 10 zuwa 1,000 a kan kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska daga waje ke yi. Buɗe taga ya fi sauƙi.

Wannan yana da muhimmanci da hunturu. Garwashin gawayi a ɗaki rufe, ko janareta a bakin taga, na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum yana barci. Babu shukar da ke hana wannan. Haka zazzaɓi: ganyen bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, ba ya maye gurbin gwajin jini da magani. Inuwarsa dai da bazara ba ta da na biyu.

Ƙasa, ruwa da sauro

Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. A haɗa kwano biyu na ƙasa da kwano ɗaya na takin awaki wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki na ƙona saiwa. A huda gindin mazubin da ƙusa, huji uku ko huɗu. Kafin ban ruwa, a tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi, a bari sai gobe. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, a ba da ruwa bayan sallar asuba ko bayan la'asar. Ruwan alwala da na wankin hatsi sun wadatar, a ajiye mazubin kusa da inda ake alwala. Ruwan wanki mai sabulu kuwa a zubar da shi can nesa. Mai awaki ko kaji ya ɗora shukar a kan bulo ya kewaye da kara, in ba haka ba akuya ce za ta fara ɗanɗana zogalen.

Kada ruwa ya kwanta a faranti ko gwangwani a ƙarƙashin shuka. Sauro na yin ƙwai a ciki, kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi. Irin sauron da ke son waɗannan mazubai shi ke yaɗa cutar shawara. A zaɓi rana guda a mako, a ce Juma'a, a zubar da ruwan, a goge farantin.

Akwai waɗanda ba a bari inda yara ke wasa: zurma, cin-da-zugu da zaƙami. 'Ya'yansu guba ne, kuma yara na ɗaukarsu abin ci. Farin ruwan tumfafiya na cutar da ido. Yaron da ya ci ɗaya daga cikinsu, a kai shi asibiti tare da abin da ya ci.

Aikin gida

Karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ka rubuta su a littafinka: ƙasa, ɓawo, ɗoɗɗoya, ƙuna.

Ɗaki mai murabba'in mita 12, in kowace mita na bukatar shuka 10, shuka nawa ke nan?

Zagaya gidanku, ka rubuta sunan kowace shuka da ka gani, da kuma wuraren da ruwa ke kwanciya. Za mu karanta tare a aji mako mai zuwa.