Yadda na shawo kan salbiyar da ta ƙi fure

Alhamdulillahi salbiyar da na dasa a bayan gidanmu nan ƙauye wajen Ringim saboda ƙudan zuma ta yi fure, godiya ga malamin gonar da ya gano min bakin zaren. Irin ta Meziko ce, Salvia leucantha, mai fure shunayya mai laushi kamar karan-miski, kuma da kaka take fitarwa, daidai lokacin da furen daji ke ƙarewa zuma na neman abinci.

To ni kaka ta shigo an yanke gero, ita kuwa ganye kawai take ta yi har ta kawo min ƙugu amma ko toho babu. Na ɗauka yunwa ce na zuba yuriya, ganyen ya ƙara cunkushewa, na ƙara ruwa sai na ƙasa suka fara rawaya.

Ashe fitilar solar da ke kan katanga ce, kwana take tana haska ta. Ita wannan shukar sai dare ya yi tsawo kuma haske bai katse shi ba sannan take ɗaukar fure.

Sai na cire fitilar na mayar ƙofar gida inda zaure ke tare hasken. Na daina taki gaba ɗaya, na daina tsinke kan rassan don a nan furen ke fitowa. Ruwa kuma sai na tura yatsa na ji gaɓa biyu a bushe, sannan in zuba a gindi da sassafe. Bayan 'yan makonni toho ya cika kowane reshe, yanzu da hantsi zuma har ƙara suke a kai.