Kurakuran da aka fi yi wajen dakon kaya masu ruwa a tanka, da gyaransu

Buhu idan aka ɗora shi a mota, inda aka ajiye shi nan za a same shi. Kayan tanka kuwa, mai ne ko asid ko madara, motsi suke yi, su kumbura idan rana ta take, kuma kowanne da nasa nauyin. Yawancin ɓarnar da ake gani a wannan sana'a daga manta wannan take farawa, tun daga mai kaya har direba.

Babba a cikin kurakuran shi ne lodin rabin tanki. Mutane da yawa sun ɗauka ƙaramin lodi ya fi sauƙin tuƙi, alhali tanka mai rabin kaya ta fi cikakkiya haɗari. Idan direba ya taka burki, kayan su ruga gaba su doki bangon tanki, su tura motar da ta riga ta tsaya. A kwana kuma su hau gefe guda su kayar da ita. Shi ya sa yarjejeniyar ADR, wadda aka sa wa hannu a Janeba a 1957 kan dakon kaya masu haɗari, ta ce tankin da ba a rarraba cikinsa zuwa ɗakunan da ba su wuce lita 7,500 ba, ko dai a cika shi aƙalla kashi 80 cikin ɗari, ko kada kayan su wuce kashi 20. Faranten ƙarfen da ake girkewa a ciki suna rage tunkuɗar gaba da baya, amma ba sa yin wani abin kirki a kan ta gefe. Tankar madara ma galibi ba ta da su, don wanke su wahala ne. Gyaran yana hannun mutum biyu: mai tsara lodi ya cika wasu ɗakunan sosai ya bar wasu wayam, direba kuma ya rage gudu tun kafin ya shiga kwana, ba a tsakiyarta ba.

Sai masu cikawa fal har baki. Fetur yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri ɗaya na zafi. Lita 30,000 da aka loda da sanyin asuba, idan zafinsa ya hau da digiri 10, ya ƙara kusan lita 300, kuma ta murfi zai nemi hanya. A bar masa sarari. Wannan kumburin ne kuma yake haddasa rigimar "kaya ba su cika ba" a wurin saukewa, shi ya sa ake lissafa awon kamar zafin kayan digiri 15 ne kafin a fara zargin kowa.

Akwai kuma lissafi da lita maimakon nauyi. Litar fetur wajen kilo 0.74 ce, ta dizal wajen 0.84, ta asid ɗin salfa mai ƙarfi kuwa 1.84. Tankin da ya ɗauki tan 22 na fetur, idan aka cika shi da wannan asid, tan 55 ya ɗauka. Taya da burki ba su san lita ba. A tambayi nauyin kayan kafin a turo mota.

Tambayar da masu kaya suka fi kasala wajen yi ita ce: me tankin nan ya ɗauko jiya? Kayan abinci tankarsu daban, kuma a nemi takardar shaidar wanki, a duba hatimin da ke kan murfi da bawul. Jikin tankin ma abin dubawa ne, domin soda mai ƙarfi tana cin alminiyam, asid ɗin haidirokulorik kuma yana cin ƙarfen da ba ya tsatsa, sai tanki mai rufin roba a ciki. Kwalta ana loda ta da zafin da ya haura digiri 100 nesa ba kusa ba, to ɗan ruwan wanki da ya kwanta a gindin tanki nan take zai zama tururi ya watso ta waje. Mafi ruɗarwa shi ne zuba dizal a ɗakin da fetur ya fita: tururin fetur yana nan, gudun dizal kuma yana tara lantarki, tartsatsi ɗaya ya isa. A maƙala wayar da ke sauke lantarki zuwa ƙasa kafin a taɓa tiyo, a fara lodi a hankali har bakin bututun ya nutse.

Wurin saukewa, gaggawa ce ke jawo asara. A auna tankin mai karɓa a tabbatar zai ɗauke, a karanta alamar kowane bututu, a gwada lambar da ke kan allo mai launin ruwan lemo na jikin tanka da ta takardar kaya: 1203 fetur ne, 1202 dizal, 1223 kananzir. Tiyo ɗaya a lokaci ɗaya, direba kuma yana tsaye a gefensa, ba cikin mota yana danna waya ba.

Wani kuskuren da ba a yarda da shi sai an gani: zuƙe kaya da famfo alhali mashigar iska a rufe take, ko rufe tanki ruf bayan an wanke shi da tururi. Iskar waje tana danna kowace murabba'in mita da nauyin kusan tan 10, don haka tankin ƙarfe sai ya lotse kamar gwangwanin da aka taka. A buɗe mashigar iska, a bar tanki ya huce.

Kuma kada kowa ya faɗa cikin tanki don ya ga babu komai. Tururi ko iskar naitirojin na iya kore iskar numfashi ba tare da wari ba, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ne gawa ta biyu. A auna iskar da na'ura, a sami izini a rubuce, wani kuma ya tsaya a bakin murfi har mai shiga ya fito.