Darasi na 6: Kula da lambun gida mai jure fari a lokacin fure

To 'yan uwa ɗalibai, a darasin baya mun yi zancen zaɓen shuka, yau kuma maganar kulawa ce idan sanyi ya ja baya, rana ta fara ɗumi, shuke-shuke suka soma fidda toho da kan fure. Abin da zan fi nanatawa shi ne, irin su kariya, alobera, lalle, bogenbiliya da labanda ba ƙishirwa ce ta fi kashe su ba, yawan ban ruwa ne. Mutum ya ga fure ya leƙo sai zumuɗi ya ɗebe shi, safe ruwa yamma ruwa, kafin ka ce kwabo ganye ya koma ruwan ɗorawa ya fara zuba. Ni kaina na taɓa yi wa wata kariyata haka, ran da na matsa gindinta da yatsa sai na ji ya lotsa luguf, da na tumɓuke ta saiwar duk ta yi baƙi tana wari. Dalili kuwa saiwa ma tana buƙatar iska, in ƙasa ta zauna jagab kullum ruwa ya toshe 'yan ƙofofin da iska ke bi, sai ruɓa ta shiga.

Kafin ka ɗauki bokiti, cusa yatsanka cikin ƙasa kamar santimita 5. In ka ji danshi, ajiye bokitin ka tafi harkarka. In ta bushe ƙurmus to ka ba ta ruwa sosai a hankali a gindi, ba a kan ganye ko fure ba, har ya ratsa kamar santimita 20 zuwa 30, sannan ka ƙyale ta sai ta sake bushewa. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama-sama inda rana ke gasa ta, ita kuwa wadda ta sha ta ƙoshi aka bar ta, ƙasa take nutsawa neman danshi. Da sassafe ya fi, kafin rana ta ƙwace rabon shukar. Kuma kar yaushin tsakar rana ya ruɗe ka, shuka da yawa suna langaɓewa da azahar su miƙe da yamma, wadda ka tarar a yaushe da asuba ita ce mai ƙishirwa da gaske.

Amma fa wadda ka dasa bana ba ta shiga wannan lissafin ba tukuna, saiwarta ba ta kama ba, sai ka riƙa duba ta akai-akai har ta shekara.

Sai lulluɓe ƙasa. Busasshiyar ciyawa ko ganye ko ɓawon itace, ka shimfiɗa kaurin santimita 5 zuwa 8, yana riƙe danshi ya kuma hana ciyawar banza fitowa ta yi wa furenka kishiya wajen shan ruwa. Ka bar ɗan fili zagaye da gindin, kar lulluɓin ya manne masa. Alobera da labanda tsakuwa ta fi musu don ba sa son jiƙa a wuya. In kana da tukunyar ƙasa wadda ba a shafa mata fenti ba, binne ta zuwa wuya kusa da shukar, cika ta da ruwa ka rufe baki, tana tsattsafowa a hankali saiwa na sha.

Taki kuma a yi hattara. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, shi kuwa ganye yake turowa, shi ya sa in an yawaita mata shi za ka ga bogenbiliya ta yi kore shar gwanin sha'awa amma ko fure ɗaya babu. Ɗan ruɓaɓɓen takin gargajiya cikin tafin hannu biyu ya isa.

Furen da ya bushe ka tsinke shi don kar shukar ta ɓata ƙarfinta wajen yin iri, babban aski kuwa a bari sai fure ya ƙare. In za ka yanki kariya sa safar hannu, ruwan jikinta guba ne, kar ya taɓa ido, a kuma nisanta yara da dabbobi. In ka ga tururuwa na sintiri kan sabon toho, juya ganyen ka duba, galibi darɓa ce, wato 'yan ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan ganye. Fesa mata ruwa da ƙarfi, in ta ƙi tafiya sa ƙaramin cokali 1 na sabulun ruwa a lita 1 ka fesa da yamma lis, bayan ƙudan zuma sun tashi daga aiki.

Aikin gida: a littafinka rubuta sunan shuka 3 da ke lambunka, gaban kowacce ka sa ranar da ka ba ta ruwa da kwana nawa ƙasarta ta yi kafin ta bushe. Ka zo da shi aji na gaba mu karanta tare.