Idan injin wanki yana tara ruwa ba a kunna shi ba

A aikina na gyaran injinan wanki, ƙorafin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne a wayi gari a tarar da ruwa kwance cikin inji, alhali ba wanda ya taɓa shi. Kafin komai, zare filogi daga bango. In ruwan ya malalo ƙasa, kashe wutar daga babban makunni tukuna, kada ka tsaya cikin ruwa ka kai hannu soket.

Sannan ka dubi ruwan, ka shinshina. In gurɓatacce ne, yana wari ko da maiƙo a kansa, daga magudana ya komo. An fi samun haka a gidan da aka haɗa tiyon fitar da ruwa da bututun wurin wanke-wanke, ko aka yasar da bakinsa cikin kwata. Ɗaga tiyon ya kai santimita 60 zuwa 90 daga ƙasa, kada a cusa fiye da santimita 15 cikin bututun, a kuma yashe magudanar in ta toshe.

In ruwan garau yake, ta famfo ya shigo. Kwashe shi, ka bar famfo a buɗe, filogi a zare, injin ya kwana haka. Da safe in ruwa ya sake taruwa, laifin bawul ne, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya yana rufewa, wanda ke bayan inji daidai inda ake ɗaura tiyon famfo.

Nan ne matsalar yawancin gidajenmu take. Wuta ce ke buɗe bawul, amma rufewarsa sai da taimakon ƙarfin ruwa, domin wata 'yar roba ce a ciki da ruwan ke dannawa ta toshe hanya. Injina da yawa suna buƙatar ƙarfin da bai gaza na tankin da ke sama da injin da kimanin mita 5 ba. To mu kuwa sai a ɗora tanki kan gajeren dandamali, ruwa yana zuwa a sanyaye, robar ba ta dannuwa, sai ɗiga dare da rana. Ga kuma yashin rijiyar burtsatse: ƙwaya ɗaya in ta maƙale ƙarƙashin robar ta isa.

Rufe famfo, kwance tiyon, za ka ga 'yar rariya a bakin bawul. Zaro ta a hankali da filaya, ka wanke da tsohon buroshin haƙori, ka mayar. Don Allah kada ka bari wani ya jefar da ita wai don ruwa ya ƙara gudu. Ina baƙin cikin ganin injinan da aka kashe ta wannan hanya. In ɗigar ba ta tsaya ba, a sake bawul ɗin kawai, ba ya karɓar faci. Ɗauki hoton wayoyinsa da wayarka kafin ka cire, ka tafi da tsohon kasuwa a ba ka mai baki iri ɗaya. In kuma tankin ne ya yi ƙasa, sabon ma zai ɗiga, sai an ɗaga tankin ko an sa ƙaramin injin tura ruwa.

Akwai injin da ruwa ke daina shiga da an zare filogi, ya dawo da an jona. Wannan matsalar wuta ce. In lokacin wanki yake ta sha har ya yi ambaliya, cire murfin sama ka nemi siririn tiyon da ya taso daga ƙasan inji zuwa na'urar auna ruwa. Duba ko ya fita, ya tsage, ko dattin sabulu ya toshe shi. Cire shi daga jikin na'urar ka hura ta ɓangaren ƙasa, ban da cikin na'urar. In tiyon lafiya lau yake, saura na'urar kanta ko fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, wanda wuta mai ƙarfi kan lalata. Wannan a bar wa mai gyara da na'urar gwajinsa.

Kafin ya iso, a riƙa rufe famfo bayan kowane wanki.